Darasi na 14: Roja Banista da Minti Huɗu

Kafin mu fara karatun yau, kowa ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, wanda ba ya hango shi ya ciro wayarsa. Ku bi siririn tsinken nan mai sauri da ido har ya komo inda ya taso. Kewayo ɗaya ke nan, shi ne minti, kuma a cikinsa akwai sakan 60, abin da masu labarai a rediyo kan kira daƙiƙa. In ya kewayo sau huɗu an sami sakan 240. Ɗan lokaci ne, mai shayi bai gama fifita gawayi ba ya wuce. Mutumin da za mu karanta labarinsa shekara biyu ya yi yana kokawa da waɗannan sakan 240.

Baturen Ingila ne, sunansa Roger Bannister. Za mu riƙa rubuta shi yadda baki ke faɗa, Roja Banista, don karatu ya zo mana da sauƙi. Ranar 6 ga Mayu 1954 ya yi gudun mil ɗaya cikin minti 3 da sakan 59.4, ya zama mutum na farko da agogo ya shaida ya ci wannan nisa cikin ƙasa da minti huɗu.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Damagaram da tseren Turawa? Mu nan kokowa muka sani, da sukuwa, da hawan ƙaho. Gaskiya ne. To amma ku lura da wani abu. A filin Langa-Langa, in ƙato ya kai abokin karawarsa ƙasa magana ta ƙare, kowa ya gani da idonsa. Duk da haka har gobe ana gardama a majalisa: da za a haɗa Kantu na Maraɗi, wanda ya fara ɗaukar takobi a Tawa a 1975, da zakaran bana, wa zai kayar? Gardamar nan ba ta da ranar ƙarewa, don babu ma'aunin da zai raba ta. Tsere ya sha bamban. An auna fili, an riƙe agogo, an rubuta a littafi. Saboda haka wanda ke Ingila yana iya karawa da wanda ke Ostareliya ba tare da sun taɓa haɗa ido ba, kuma yaron da aka haifa bana zai iya karawa da wanda ya daɗe a kabari. Awo da rubutu ne suka kawo haka, su ne kuwa suka tara mu a wannan aji.

Tsawon mil

Mu a Nijar da kilomita muke awo, gadon Faransa. Ingila da ƙasashen da ta mulka da mil suka saba, shi ya sa duk wanda ya shiga Kano ta hanyar Katsina ya san unguwar Mil Tara. Mil ɗaya mita 1,609 ne, wato kilomita ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Daga Damagaram zuwa Mirya kilomita 18 ne, kusan mil 11.

Filayen tseren Ingila na wancan zamani, zagaye ɗaya yadi 440 ne, zagaye huɗu mil cif. Lissafin ya zo daidai wa daida: zagaye huɗu, minti huɗu, kowane zagaye minti ɗaya. Ko wanda bai taɓa gudu ba ya gane abin da ake nema. Don ku ji nauyin aikin, ku raba shi haka: mita 100 cikin sakan 15, sau 16 a jere, ba tsayawa. Matashi mai lafiya zai iya ɗari ta farko. A ta uku ko ta huɗu zai dafa gwiwa.

Tsere iri uku ne. Akwai gajere, kamar mita 100, wanda ƙarfi ne zalla. Akwai dogo, kamar gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42, wanda jimiri ne. Tsakaninsu akwai matsakaici, mita 800, mita 1,500 da mil, shi kuwa duka biyun yake nema a wurin mutum ɗaya. Mai gudu yana ƙona ƙarfi fiye da yadda huhunsa zai iya kai wa tsoka iska, sai jiki ya shiga cin bashi. A zagaye na uku bashin ke fara ƙwanƙwasa ƙofa: ƙirji ya ɗauki zafi, cinya ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Gwanintar wannan tsere ita ce mutum ya san yadda zai raba ƙarfinsa, ya ƙare a kan layi daidai, kada ya ƙare kafin layi, kada kuma ya isa da saura.

Na huɗu a Helsinki

An haifi Banista ranar 23 ga Maris 1929 a Harrow, gefen birnin Landan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke iyayensa suka koma garin Bath, gari mai tuddai, inda yaron yakan tafi makaranta da gudu. A 1946, yana da shekara 17, ya shiga Jami'ar Oksfod karatun likita. Ba a ɗauke shi wani gwani ba da farko. A hunturun farkon 1947 ƙanƙara ta rufe filin tseren jami'ar, yana cikin masu kwashe ta da shebur, wannan hidima ce ta sa aka ba shi gurbi na uku a tseren mil na karawar da Oksfod ke yi da Jami'ar Kambirij. Ya shiga, ya ba kowa mamaki ya zo na ɗaya, cikin minti 4 da sakan 30.8.

Daga nan tauraronsa ya riƙa hawa. Da gasar Olamfik ta 1952 ta zo, a Helsinki ta ƙasar Finlan, duk Ingila ta sa rai zai kawo zinare a mita 1,500. Sai masu shirya gasa suka ƙara zagayen tankaɗe, ya zama dole a yi tsere uku cikin kwana uku a jere. Banista horonsa kaɗan ne, ɗan abin da karatu ya bar masa, jikinsa bai saba farfaɗowa da wuri ba. A tseren ƙarshe ya zo na huɗu. Josy Barthel na ƴar ƙaramar ƙasar Luksambur ne ya ci. Na huɗu ba shi da lamba ko ta tagulla, jaridun gida kuwa suka yi masa ca.

Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa da ya ci zinaren nan da ya ajiye gudu ya fuskanci asibiti. Faɗuwar ce ta sa ya ba kansa ƙarin shekara biyu, ya kuma zaɓi abin da zai nema a cikinsu.

Katangar da ta yi shekara tara

Tun ranar 17 ga Yuli 1945 bajintar duniya a mil tana hannun Gunder Hägg na ƙasar Suwidin, minti 4 da sakan 1.4. Shekara tara babu wanda ya taɓa ta. A nan sai mu yi hattara, don labarin nan an daɗe ana ƙara masa gishiri. Za ku ji ana cewa wai duniya duka ta yarda zuciyar ɗan Adam za ta fashe in ya gwada, wai kuma da Banista ya yi sai ɗaruruwa suka biyo baya nan take. Ba haka aka yi ba. Masu gudu sun san sakan ɗaya da ɗoriya kawai ya rage. Abin da ya jawo jinkiri a bayyane yake: yaƙi ya cinye samarin Turai, abinci ya yi ƙaranci har Ingila ba ta daina rabon nama da kati ba sai a 1954, su kuma Hägg da abokin hamayyarsa Arne Andersson an kore su daga wasa a 1946 saboda sun karɓi kuɗi, abin da doka ta hana a lokacin. Bayan Banista kuwa, mutum ɗaya ne ya biyo shi a 1954, sai wasu uku a 1955.

Ba shi kaɗai ke nema ba. A Ostareliya akwai John Landy, Landi a bakinmu, wanda tun Disamba 1952 ya yi minti 4 da sakan 2.1, ya kuma yi ta maimaita kusa da haka. A Amurka akwai Wes Santee. Ukun nan kowa yana nahiyarsa, a jarida suke ganin lambobin juna.

Yanzu ga wurin da nake so mu daɗe. Banista a lokacin ya koma Landan, yana koyon aiki a asibitin St Mary's da ke unguwar Paddington. Safiya ta marasa lafiya ce, dare na littafi. Abin da ya rage masa hutun cin abincin rana. Sai ya fita zuwa wani filin wasa da ke kusa, ya yi abin da bai kai awa ɗaya ba, ya koma bakin aiki.

Me mutum zai yi da ɗan wannan lokaci? Bai tsaya yana gwada mil ɗin gaba ɗaya kullum ba. Gutsura shi ya yi. Zai yi zagaye ɗaya da ƙarfi, a duba agogo, ya huta minti biyu, ya sake, har sau goma. Da suka fara, kowane zagaye yana cin sakan 66. Mako bayan mako suna aske lambar: 65, 64, 63. Da suka kai 61 abin ya cije, ya ƙi motsi. Maimakon su ƙara wa kansu azaba, sai shi da abokinsa suka bar fili suka tafi hawan duwatsu a Sikotlan na ƴan kwanaki. Da suka dawo agogo ya nuna 59. Manomi ya san wannan: gonar da aka bari ta huta ta fi ba da amfani.

Na ce “suka”, don ba shi kaɗai ba ne. Akwai Chris Brasher da Chris Chataway, Birasha da Catawe, abokansa biyu masu gudu, da mai horar da su, Franz Stampfl, mutumin Ostiriya. Shirinsu shi ne abokan nan biyu su shige gaba su ja shi, ɗaya bayan ɗaya, su riƙe masa ma'aunin sauri, su kuma tare masa iska. Faransawa zomo suke kiran mai irin wannan aiki. Zomo ya san ba shi zai ci ba, ƙarfinsa zai ƙarar don wani. A ganina duk wanda ya ba da labarin 6 ga Mayu bai ambaci waɗannan biyu ba ya ci musu haƙƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Alhamis, 6 ga Mayu 1954

Labari ya iso cewa Landi yana kan hanyar Finlan, inda filaye ke da kyau kuma akwai abokan karawa. In aka jira, zai riga su. Sai suka tsayar da ranar wata ƴar gasa a filin titin Iffley da ke Oksfod. Banista ya yi kwana biyar bai yi gudu ba, yana tara ƙarfi.

Alhamis ce, ranar da kasuwar Damagaram ke cika, shekara shida kafin Nijar ta sami ƴancin kai. Da safe ya je asibiti. A can ya wasa ƙusoshin takalminsa a kan dutsen washi, ya shafa musu baƙin garin nan da ake bakin fensir da shi, don kada ƙasar fili ta manne. Filin na burbushin gawayi ne da toka, ba irin shimfiɗar roba ta yau ba. Ya hau jirgin ƙasa zuwa Oksfod, a ciki ya ci karo da Stampfl. Ana iska mai ƙarfi da yayyafi, Banista yana tunanin a fasa. Mai horarwar ya nuna masa cewa irin wannan dama ba lalle ta dawo ba. Har gab da ƙarfe shida na yamma bai yanke shawara ba. Sai ya hangi tutar da ke kan hasumiyar wata coci ta daina kaɗawa, iska ta kwanta. Ya ce a yi.

Birasha ya shige gaba. Banista, da yake ya huta, ji ya yi kamar ba sa sauri, har ya ɗaga murya yana cewa a ƙara. Birasha ya yi kunnen uwar shegu, ya riƙe ma'aunin da aka shirya. Ya kuwa yi daidai, don zagayen farko sakan 57.5 ya ci, har ya fi abin da ake bukata sauri. Da ya biye wa kiran nan, da ƙarfin ya ƙare tun kafin ƙarshe. Zagaye na biyu 60.7. Birasha ya gaji, Catawe ya karɓa. Zagaye na uku 62.3, nan bashin da muka ambata ya fara taso su. Ku tara ukun: sakan 180.5, wato minti uku da rabin sakan. Ke nan sai an yi zagayen ƙarshe cikin ƙasa da sakan 59.5, in ba haka ba aikin shekara biyu ya tafi.

Saura abin da ya ɗan haura rabin zagaye, Banista ya fito daga bayan Catawe ya wuce, kai a ɗage, baki a buɗe. Yana taɓa zaren ƙarshe ya zube a hannun mutane, bai san inda yake ba. Zagayen ƙarshe 58.9.

Mai shela, Norris McWhirter, ya ja magana da gangan, yana jero sunan gasa da sunan mai nasara da irin bajintar da aka kafa. Da ya zo kan lokaci, yana cewa “uku” ihu ya haɗiye sauran. Ba wanda ya tsaya jin sakan nawa.

Jimla sakan 239.4. Tsakaninsa da 240 ko sakan ɗaya bai cika ba, kashi shida ne cikin goma na sakan, tazarar kimanin mita huɗu, tsawon ɗaki guda. Ko sisi ba a biya shi ba, don dokar wasan ta hana.

Kwana 23 bayan haka, ranar 29 ga Mayu, a birnin Birmingham, wata Baturiya mai aikin kimiyyar haɗa sinadarai, Diane Leather, ta zama mace ta farko da ta yi mil cikin ƙasa da minti biyar: 4 da sakan 59.6. Hukumar wasannin duniya ba ta rubuta mata shi a matsayin bajintar duniya ba, don sai a 1967 ta fara lissafa mil na mata. Matan ajin nan su riƙe sunanta. Ta yi aikin, littafin ne aka rufe mata.

Waiwayen Landi

Kwana 46 kacal Banista ya riƙe kambun. Ranar 21 ga Yuni, a garin Turku na Finlan, Landi ya yi minti 3 da sakan 58, Catawe na bin sa a baya. Duniya ta sami mutum biyu, kowa na son ganin su a fili ɗaya.

Suka haɗu ranar 7 ga Agusta 1954 a Vancouver ta Kanada, a wasannin ƙasashe renon Ingila. Kowa ya zo da larura: Banista da mura, Landi da ɗinki a tafin ƙafa, ya taka fasasshen ƙwan fitilar mai hoto, ya kuma ɓoye abin don kada a ce yana neman uzuri. Salonsu ba ɗaya ba ne. Landi mai shigewa gaba ne ya gajiyar da na baya, Banista mai laɓewa ne ya fizga a ƙarshe. Landi ya ba da tazara mai yawa tun farko, Banista ya yi ta cike ta sannu a hankali. A kwanar ƙarshe ihun jama'a ya hana Landi jin takun na bayansa, sai ya waiga ta kafaɗar hagu. Daidai wannan ƙiftawar ido Banista ya wuce ta dama. Waiwaye adon tafiya ne, amma a gudu yana da tsada. Banista 3:58.8, Landi 3:59.6, karo na farko da mutum biyu suka sauka ƙasa da minti huɗu a tsere ɗaya. Har yau akwai mutum-mutumin tagulla a Vancouver da ke nuna wannan waiwaye.

A ƙarshen watan ya ci zinaren Turai na mita 1,500 a birnin Bern na Suwizalan, cikin 3:43.8. Kafin shekarar ta fita ya rataye takalmi, yana da shekara 25.

Likita

A 1954 ɗin nan ya zama cikakken likita, ya kuma shafe kusan shekara arba'in yana aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ya fi ba da ƙarfi a kan jijiyoyin da ke aiki ba da umarninmu ba, masu kula da bugun zuciya, hawa da saukar jini, da fitar zufa. Lokacin da yake hidimar soja ya je Aden, a Yaman ta yau, ya binciki dalilin da zafi ke kashe samarin sojoji. Ya gano cewa haɗarin ya fi yawa ga wanda ya yi aikin ƙarfi cikin rana alhali akwai zazzaɓi a jikinsa. Wannan bincike kamar don mu aka yi shi. Duk wanda ya san bazarar Damagaram, ya kuma san yadda mutum kan fita gona ko wurin gini da masassara a jiki, ya riƙe wannan.

Daga 1971 zuwa 1974 ya shugabanci majalisar wasanni ta ƙasarsa, a zamaninsa aka samar da gwajin gano ƙwayoyin ƙara ƙarfi da wasu ƴan wasa ke sha. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir a 1975. Ya shugabanci kwalejin Pembroke a Oksfod daga 1985 zuwa 1993. A 2011 aka gano yana da cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, ɗaya daga cikin cututtukan da ya yi rayuwarsa yana duba masu fama da su. Ya rasu ranar 3 ga Maris 2018 yana da shekara 88. Ya sha faɗa cewa ya fi son a tuna shi da aikin asibiti a kan gudun.

Kambun ya ƙetaro Afirka

Filbert Bayi na Tanzaniya ya karɓi bajintar mil a 1975 da 3:51.0. Ta koma hannun wasu, har da Turawan Ingila uku, Coe da Ovett da Cram. A 1993 Nuruddin Morceli na Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, ya yi 3:44.39. Ranar 7 ga Yuli 1999 a birnin Rum, Hisham El Guerrouj na Maroko ya yi 3:43.13, lambar da ta haura shekara ashirin ba a taɓa ta ba. Da za a jera shi da Banista na 1954, zai isa layi ya bar shi a baya da fiye da mita 100. A ɓangaren mata, Faith Kipyegon ta Kenya ta yi 4:07.64 a 2023.

Akan ce ƴan Kenya tsaunuka ne suka ba su huhu, mu kuwa ba mu da irinsu. Akwai gaskiya a ciki. Amma Morceli a Ténès aka haife shi, bakin teku, El Guerrouj kuma a Berkane, ita ma ba kan tsauni take ba. Abin da suka samu shi ne tun suna yara wani ya gan su suna gudu, ya riƙe agogo, ya rubuta.

Nijar lambar Olamfik biyu gare ta: tagullar Isaka Dabore a dambe, a Munich a 1972, da azurfar Abdul Razak Isufu Alfaga a taekwondo, a Rio a 2016. A tsere muna da Abdu Manzo, wanda ya ɗauki tutarmu a gudun yada-ƙanin-wani na Olamfik fiye da sau ɗaya, da Aminatu Seyni ƴar Doso, wadda ta yi mita 400 cikin sakan 49.19 a 2019, ta kuma zo ta huɗu a duniya a mita 200 a 2022. Ƙafafu dai muna da su. Na taɓa tsayawa kallon tseren yara a wata makarantar ƙauye a kudancin jihar nan. Wani siririn yaro, ƙafa ba takalmi, ya bar ƴan'uwansa da nisa har yana isowa bai ko haki sosai ba. Aka tafa masa, aka ba shi sabulu da littafin rubutu, aka watse. Filin ba a auna shi ba, agogo ba a riƙe ba. Abin yana damuna har yau, don ko da yaron nan ya fi duk tsaransa a ƙasar nan, babu takardar da za a nuna wa kowa a Yamai.

Aikin aji

A littattafan makarantunmu na Faransanci waƙafi ake sawa a inda muka sa ɗigo, 57,5 maimakon 57.5. Duk ɗaya ne, ku rubuta wanda hannunku ya saba.

1. Ku tara zagaye huɗun Banista: 57.5, 60.7, 62.3 da 58.9. Ku mai da jimlar zuwa minti da sakan. Wane zagaye ne ya fi jinkiri, kuma me ya sa?
2. Hägg ya yi 4:01.4, Banista 3:59.4. Sakan nawa ne tsakaninsu?
3. Saurin Banista kusan kilomita 24 ne a awa. Da mutum zai iya riƙe shi daga Damagaram har Mirya, minti nawa zai yi?
4. Ku tattauna: Birasha ya ƙi bin umarnin abokinsa a zagayen farko. Ya kyauta ko bai kyauta ba? Kowa ya rubuta ra'ayinsa cikin jimla uku.

Aiki na ƙarshe a waje za a yi shi. Ku nemi igiya, ku auna mita 10 da ma'aunin tela ko na magini, ku ƙulla alama. Ku sami fili mai laushi marar ƙaya da duwatsu, ku shimfiɗa igiyar sau goma, mita 100 ke nan. Ku gayyato yaran unguwa, maza da mata, da izinin iyayensu, da sassafe bayan asuba kafin rana ta yi zafi, a tanadi ruwan sha. Yaron da ke da zazzaɓi ko bai daɗe da tashi daga ciwo ba kada ya shiga. Dattawa da masu hawan jini ba gudu za su yi ba, aikinsu ya fi wannan: mutum ɗaya ya tsaya a mafari da ƙyalle a hannu, in ya sauke shi a tashi, biyu su tsaya a ƙarshe da agogon waya, ɗaya ya riƙe littafi. A shafin a ja layi uku, na suna, na shekaru, na sakan. Bayan mako huɗu a koma fili ɗaya da yara ɗaya a sake, a kawo shafukan biyu aji mu gwama su. Mai littafi ya fara rubuta kwanan wata da sunan wurin a saman shafi kafin a sauke ƙyalle.